Billen da Kwamfuta Ta Goge

Na san abin da aka faɗa maku. An ce da idon babanku ya samu matsala, ni Rakiya na ƙwace mashi shago, na zaunar da shi a tabarma, na rataya kyamara a wuya na shiga yawon gidajen mutane. Baffanku Mamman ne ya fara faɗin haka, Allah ya jiƙan sa, kuma bai janye ba har ya bar duniya. Ban yi gardama da shi ba a lokacin, don mace ba ta tsayawa sa-in-sa da yayan mijinta a tsakar gida. Amma yanzu na ji jikokina sun fara tambaya, ni kuwa ba zan bari maganar nan ta bi ni kabari a karkace ba. Ku zauna ku ji yadda aka yi, in ya so kowa ya yanke nasa hukuncin.

Babanku, Malam Lawal mai hoto, ɗan wanzamai ne daga Faskari. Tun yana yaro yake riƙe wa mahaifinsa zabira, suna bin ƙauyuka suna yi wa jarirai aski da tsaga, har ya girma ya ga wani mai hoto a kasuwa, ya ajiye aska ya bi shi. Da muka zauna a Ƙanƙara ya buɗe shago a jikin gidan nan, mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin gida. Kyamararsa ta fim ce. In fim ya cika sai ya ba direba ya kai Funtua a wanko. Mutum ne mai surutu, ba ya ɗaukar ka hoto sai ya tambayi sunan kakanka da abin da ka shuka bana. Kuma ya san haske. Zai juya mutum nan, ya juya shi can, ya ce a jira rana ta ɗan sauka, wanda ake ɗauka yana ƙorafi shi ko a jikinsa. In hoton ya fito sai mai ƙorafin ya dawo da ƙaninsa.

A hankali hotuna suka fara dawowa dishi-dishi. Ya zagi masu wanki na Funtua har ya gaji. Ya ce gilashin kyamara ne, ya goge, ya sake gogewa. Ni da nake zuba mashi ruwan alwala na riga na gane, don na ga yana lalubar buta tana gabansa. Da aka je asibiti likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, ciwon yana can ciki, sai dai a lallaba abin da ya rage. Ranar da muka dawo ya kulle ƙofar titi, ya naɗe kyamara a tsohon rawani ya sa a akwati, ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida ya zauna. Daga masallaci sai tabarma. Ba yunwa na ji tsoro ba, muna da gona, hatsi bai taɓa yanke mana ba. Abin da ya tayar mani da hankali shi ne shirun. Mutumin da nake roƙo ya yi shiru in ji labarai a rediyo, sai ga shi yana wuni bai ce uffan ba. Ina kallo mijina yana ƙarewa a gabana, yana ci yana sha.

Ana cikin haka aka yi suna a maƙwabta. Malama Zinatu, wadda ke koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, ta zo da wata 'yar kyamara da ba ta fi tafin hannu ba. Ba fim a cikinta, sai ɗan katin memori. Tana dannawa sai hoto ya fito a bayanta nan take. Ku da kuka tashi da waya a hannu ba za ku gane abin da na gani a ranar ba. A lokacin matan aure da yawa a garin nan ba su da hoto ko ɗaya. Ba ƙin hoton suke ba. Fim ne sai an kai shi Funtua, wasu ƙarti da ba a sani ba su wanke, su shanya, su ƙare wa matar mutum kallo. Wane maigida zai yarda? Amma ranar sai ga matan da ke rufe fuska da mayafi in sun hango mai hoto suna ture juna. Wadda nata bai yi mata ba ta ce a goge, a goge a gabanta. Malama ta ce in akwai kwamfuta da firinta, a ɗaki ma sai a fitar da hoto, ba namijin da zai gani.

Na dawo gida da abin a raina. Ba zan ɓoye maku ba, na so sana'ar don kaina. Amma babban lissafina shi ne in shagon ya buɗe, in ya ji hayaniyar masu hoto, ƙafarsa za ta kai shi da kanta. Na durƙusa gefen tabarmar na faɗa mashi.

“Kyamarar da ba fim?” ya ce. “Wannan ai madubi ne, ba kyamara ba.”

“Malam, izini nake nema.”

“Shago ga shi nan. Ki yi abin da kika ga dama.”

Wannan ba izini ba ne, kowace matar aure ta san haka. Amma na ɗauke shi a matsayin izini. Ina da saniya da take kiwo wurin ƙanina a Damari, na aika ya sayar. Malama Zinatu ta sa aka sayo mani kyamara, da kwamfuta ta hannu, da firinta mai murfi a sama wadda ake kwantar da tsohon hoto a kanta ya shiga kwamfuta. Na bar ƙofar titi a kulle yadda ya bar ta, na buɗe ta cikin gida, na ce mata kaɗai.

Baffanku Mamman ya taso takanas daga Faskari. Ya tsaya a tsakar gidan nan, babbar rigarsa tana jan ƙasa, bai ko amsa gaisuwata ba.

“Lawal, kana raye mace ta gaje ka?”

Na jira babanku ya ce shi ya ba ni izini. Na jira ya ce komai. Bai ɗago kai ba. Wallahi ranar na yi kuka a madafa har tuwo ya kama. Maganar Baffa ba ta dame ni ba kamar shirun babanku. Daga nan wasu dangin suka daina shigo mana, aka daina gaya mani biki sai dai in ji a bakin mutane. Abin da na biya ke nan, kuma na biya shi shekaru.

Aiki kuwa ya kankama, duk da hotunana na farko abin dariya ne. Na yanke wa wata kai, na yanke wa wata ƙafa. Ina tsayar da mace rana tana bayanta, fuska ta fito baƙi ƙirin sai haƙora. Da gangan nake ɗaga murya daga shago in ce, ni dai ban san dalilin da fuskokin nan ke yin duhu ba. Ina leƙensa ta labule, ina ganin bakinsa yana motsi, amsa tana cinsa, amma taurin kai ya hana shi. Ku da kuke cewa taurin kanku daga wurina kuka samo, to ku sake bincike.

Inda na fi ƙwarewa shi ne manhajar gyaran hoto da Malama ta saka mani a kwamfuta. Da rana in an kawo wuta, ko in na tayar da ɗan janareto, sai ta zauna ta nuna mani. Akwai wurin ƙara haske, akwai wurin jawo hoto ya yi girma, akwai wani ɗan da'ira da za ka bi da shi kan tabo sai tabon ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Mata suka gano wannan, shi ke nan. Wannan a cire mata ƙuraje, wannan a share mata tamoji, wannan a ɗan haskaka ta don dangin miji. Hannuna ya saba da gogewa har ya zama in na ga layi a fuska ba na tambaya.

Wata ranar kasuwa bayan an gama girbi, wata tsohuwa ta yi sallama. Goggo Kande sunanta, daga Daudawa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani hoto a cikin leda. Mijinta ne, Malam Isuhu, wanda ya daɗe da rasuwa, kuma shi ke nan hotonsa a duniya. Ɗaki ya yi yoyo ruwa ya taɓa shi, gara kuma ta bi ta kansa, fuskar duk karce ta ko'ina.

“Maigidanki ne ya ɗauke shi a kasuwar nan,” ta ce. “An ce kina da injin da ke gyarawa. 'Yar nan, na fara manta fuskarsa. In na rufe ido sai in ga hula da gemu, tsakiyar ba kowa.”

Na ce ta dawo kasuwa mai zuwa. Na sa hoton a kwamfuta na zauna a kansa kamar na ubana. Na bi kowane karce na goge, na cike inda ruwa ya ci, na gyara hular, na ƙara haske. Ya fito sumul, har Malama Zinatu ta ce na wuce ta. Na buga shi a babbar takarda ina ta jin daɗi.

Da Goggo ta dawo na miƙa mata da hannu biyu. Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya shi wajen haske. Ta daɗe.

“Kyakkyawan mutum ne,” ta ce. “Amma ba Isuhu ba ne.”

“Goggo, shi ne fa. Ga hularsa, ga rigarsa.”

“Hularsa ce. Rigarsa ce. Shi ne dai babu.”

Na tambaye ta me ya ɓace, ta ce ita ma ba ta sani ba, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta ajiye hoton a benci ta fita tsakar gida, ta zauna kan turmi tana share hawaye da gefen mayafi. Ni kuma na tsaya bakin ƙofa. Sai na ji muryar babanku, wadda na kwana biyu ban ji ta da ƙarfi haka ba.

“Goggo, sannu. Isuhun gidan wa?”

Ta faɗi gidan, ta faɗi sunan mahaifinsa. Babanku ya gyara zama.

“Ai mu ne wanzaman gidan nan. Ni nake riƙe zabira ranar da aka yi wa ƙannensa tsaga. Rakiya, kin bar mashi billensa?”

“Wane bille? Karce ne kawai a fuskar.”

“Duk namijin gidan nan yana da bille a kuncin hagu. Zo nan.”

Na je na durƙusa. Ya lalubo fuskata, ya sa ɗan yatsa a gefen hancina ya ja shi a karkace zuwa kunci. Goggo ta dafe ƙirji ta ce shi ne, wallahi shi ne, yaya aka yi ta manta. Na koma da sauri na buɗe hoton na asali, wanda ban taɓa ba, don Malama ta hore ni kada in taɓa yin gyara a kan na asali. Amma a kuncin nan layuka sun fi a ƙirga, wasu a tsaye, wasu a karkace. Ban san wanne ne na aska wanne ne na gara ba. In na zana na ƙarya kuma, na sake ba ta wani baƙon. Na leƙo na ce sai dai ya zo ya nuna mani.

“Da wane idon?” ya ce.

Goggo ce ta yi magana.

“Malam, don girman Allah. Kai ka ɗauke shi, kai ka san shi.”

Sai ya laluba takalmansa. Tun ranar da muka dawo daga asibiti ƙafarsa ba ta taka shagon nan ba. Ya shigo yana dafa bango, ya tsaya yana shaƙar iska, ya ce wurin ya daina warin hoto ya koma warin turaren mata. Na zaunar da shi a kujera gaban kwamfuta. Ya ce ba ya ganin komai sai haske fari. Ban san abin da ya sa ba, na fara jawo hoton. Fuskar ta cika allon. Na ƙara, har ya zama kunci kaɗai ya cika shi, na ƙara mashi haske, na sa baƙin ya ƙara baƙi. Babanku ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya karkata kai gefe, don ta gefen ido ne ɗan ganinsa ya rage.

“Ƙara,” ya ce.

Na ƙara.

“Tsaya nan.”

Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

“Rakiya, ina gani.”

Nan take ya koma Malam Lawal ɗin da na sani, har da faɗa. Ya ce in buɗe idona in duba da kyau, cin gara fari ne kuma bakinsa tsattsage, don takarda ta ci. Aska kuwa fata ta yanka, saboda haka layinta duhu ne, yana farawa da kauri a gefen hanci ya sirance yana sauka. Ya ɗora yatsa a kan wani layi da na riga na goge a wancan da na gyara tun ranar farko.

“Ga hannun babana nan. Wannan ki bar shi. Sauran ki share.”

Muka yi aikin tare, yana cewa nan, ba nan ba, ke wai ba kya ji ne. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba. Da firinta ta turo hoton na miƙa wa Goggo. Ba ta juya shi wajen haske ba wannan karon. Kallo ɗaya ta yi mashi.

“Isuhu,” ta ce. “Ashe kana nan.”

Ta sa mana albarka har ta fita zaure tana yi. Na ɗauka babanku zai koma tabarmarsa, sai na ga bai motsa ba. Ya tambaye ni ko kowane hoto abin nan yana iya girmama shi haka, na ce kowanne. Ya ce in nuna mashi ku. Na buɗe hotunanku ɗaya bayan ɗaya, yana kallo yana ƙorafi, wannan na yanke mashi kunne, wannan wa ya ce in tsayar da ita rana a baya. Da muka gama ya ce saura ni. Na ce ai mai ɗauka ba ta da hoto.

“Miƙo madubin naki.”

Na sa mashi kyamarar a hannu. Na nuna mashi cewa ba sai ya murɗa komai ba, ya danna rabi, in ta yi ɗan ƙara ta daidaita kanta, sai ya ƙarasa. Ya ce lallai an yi ta don malalata. Muka fita tsakar gida, la'asar ta yi sanyi. Ya tsaya ya juya fuskarsa a hankali har ya ji ɗumin rana a kuncinsa, sannan ya kama kafaɗata ya juya ni, ya ce in matsa kaɗan, in ɗaga haɓa, in daina wannan murmushin na masu biki. Na ji ɗan ƙaran, na ji ya danna.

Da na jawo hoton a kwamfuta na tsorata. Ga tamoji a goshi, ga layuka a gefen ido, ga tabon da mai ya fallatsar mani ina amarya, ga furfura ta leƙo ta ƙarƙashin ɗankwali. Hannuna ya tafi wurin ɗan da'irar nan da kansa, na ce bari in ɗan gyara kafin ya duba. Ya kama hannuna ya riƙe. Ya matso da fuskarsa, ya bi goshin, ya bi idon, ya sauko har haɓa, bai bar ko'ina ba.

“Kin tsufa, Rakiya.”

“Kai ka tsufar da ni.”

“Na sani,” ya ce. “Kar ki goge komai.”

Kasuwar da ta biyo baya shi da kansa ya buɗe ƙofar titi. Maza nasa, mata nawa, kwamfuta tamu. Yana tsayar da mutum da ɗumin rana a kuncinsa, kyamara ta daidaita sauran, ni in buga. Duk tsohon hoton da aka kawo gyara kuwa, ba na taɓa fuskar sai ya zauna na jawo mashi ya tantance. Surutu ya dawo har na koma roƙonsa ya bar ni in ji rediyo. Haka muka yi har ɗan ganin da ya rage ya tafi, kuma ko bayan nan bai koma tabarma ba, yana bakin shago yana tambayar mutane sunan kakanninsu har Allah ya karɓi abinsa.

To, wannan shi ne ƙwacen da na yi. Hoton nan kuma da ke rataye saman ƙofar ɗakina, wanda kowannenku in ya zo sai ya ce in kawo ya gyara mani shi a waya in fito yarinya, shi ne na ranar. Na gode, amma ku bar mani shi yadda yake. Haka babanku ya gan ni.